Ka Taɓa! Ban Taɓa Ba! Sharhi kan wasan lantarki daga kayan bola



A yawancin gidajenmu akwai wani kwali, ko wata leda a ƙarƙashin gado, inda ake tara matattun kayan wuta. Tocilar caji da ta daina riƙe caji, rediyon da ya yi shiru tun bara, caja uku ko huɗu masu karyayyen baki, kalkuletar da maigida ya daina lissafi da ita tun da waya ta zo. Ba a amfani da su, zuciya kuma ba ta yarda a zubar ba. Ana dai jiran ranar da ɗan gwangwan zai biyo layi da kurarsa, a miƙa masa a karɓi 'yan canji. To kafin mai kura ya iso, iyaye ku ba ni aron hankalinku. A cikin wannan tarkacen akwai abin wasa mai aiki da lantarki, wanda yaro ko yarinya 'yar aji biyar za ta iya haɗawa tsakanin la'asar da magariba.

Bari in fara da mafi sauƙinsu. A samu ɗan katako ko kwali mai kauri. A samo waya mai ƙarfi marar riga, irin ta hangar rataye kaya, ko jan ƙarfen da aka fere daga guntun wayar da masu wayarin gida suka bari, tsawon kamu biyu ko uku. A lanƙwasa ta ta yi tudu da kwari. Sai a ɗauki wata gajeriyar waya, a naɗe bakinta ya zama zobe, a yi mata mariƙi da bututun tsohon biro, a zura doguwar a cikin zoben, sannan a kafa bakin doguwar biyu a jikin katako. Daga doguwar waya a ja siririya zuwa kan batir. Daga gindin batir a kai wa ƙwan fitila. Daga ƙwan kuma a kai wa mariƙin zoben. Shi ke nan, an gama. Hanyar wutar a yanke take a wuri ɗaya tak, wato tsakanin zobe da doguwar waya. Aikin ɗan wasa shi ne ya ɗauki zoben daga wannan baki ya kai wancan ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Da zarar hannunsa ya yi rawa, hanya ta haɗu, fitila ta kama, ya faɗi, na bayansa ya karɓa.

Batir biyu na rediyo, kowane bolt 1.5, sun wadatar. Fararen ƙwayayen nan na cikin tocilar caji, waɗanda ake kira LED, kimanin bolt 3 suke so, don haka batir biyu daidai suke. Sai dai suna da hali, ta fuska ɗaya kawai suke karɓar wuta. In yaro ya haɗa bai ga haske ba, kafin ya ce ƙwan ya mutu, ya juya ƙafafunsa tukuna. In ana son ƙara, sifikar tsohon rediyo za ta yi ƙarrr duk lokacin da aka goga. Wanda ya fi burge ni shi ne ɗan injin nan da ke sa ƙaramar waya kakkarwa in an kira. A cire shi, a ɗaure shi a jikin mariƙin, ɗan wasa ya ji laifinsa a tafin hannunsa.

Akwai wani tarko da kusan kowane mai koyo ke faɗawa. Wayar kwayil ta tsohuwar fanka ja ce jawur, ka gan ta tsirara, ka rantse za ta ɗauki wuta. Ashe an shafe ta da wani siririn fenti mai hana wuta wucewa. Yaro zai haɗa komai daidai, ya goga zobe har ya gaji, ko ƙyas. Sai ya kankare ta da reza ko sanfefa sannan abu ya tashi. Wannan yaron ba zai sake mantawa da bambancin abin da ke ɗaukar wuta da abin da ke tare ta ba, ko da kuwa an tashe shi daga barci aka tambaye shi. Ɗan'uwansa da ya haddace ma'anar a littafi, ran jarrabawa ma sai ya yi da gaske.

Amma ainihin abin da ya sa na kawo wannan batu yau yana farawa ne bayan an gama haɗawa, lokacin da yaran layi suka taru.

Ba za a yi zagaye biyu ba za ku ji gardama ta kaure. "Wallahi ka taɓa!" "Ban taɓa ba, Allah kuwa!" "Na ga ta kawo!" "Ƙarya kake, idonka ne." Dalili kuwa a fili yake: taɓawar ɗan ƙanƙanen lokaci take ɗauka, fitilar ta ƙifta ta ɗauke kafin rabin 'yan kallo su gani. Uwa a tsakar gida za ta ce wannan abu ya zama fitina, a kwashe shi. Ni kuwa ina roƙon iyayenmu mata su ɗan yi haƙuri, domin wannan gardamar ita ce malamar. Mai wasan yanzu yana da matsala ta gaske, irin wadda ake biyan injiniyoyi albashi su warware: yaya za a yi na'ura ta tuna cewa an taɓa?

Hanya ta farko, ya buɗe mataccen rediyo mai batir, ya ciro ɗaya daga cikin 'yan gangunan nan da masu gyara ke kira kwandansa, ya haɗa ta kafaɗa da kafaɗa da ƙwan, yana lura da gefen da aka ja wa layi domin shi ne na gindin batir. Kwandansa tana cika da wuta a lokacin taɓawa, sannan ta riƙa saki a hankali, sai hasken ya ɗan jima yana dusashewa. Gardama ta ragu, amma ba ta mutu ba. Hanya ta biyu, ya je wurin masu wayarin mota ya roƙi tsohon rile, a ba shi batir mai bolt 12, a haɗa shi ta yadda in ya kama sau ɗaya zai riƙe kansa, fitila ba za ta mutu ba sai alƙalin wasa ya danna makunni. Nan fa ba sauran rantsuwa.

Sai wani ya ce ai ba adalci a fitar da wanda ya taɓa sau ɗaya tare da wanda ya taɓa sau goma, a riƙa ƙirgawa. Wa zai ƙirga? Kowa yana da aboki a cikin 'yan wasa. A nan tsohuwar kalkuletar maigida take shigowa. Yawancin ƙananan kalkuletoci masu araha, in ka danna 1, ka danna alamar tarawa, ka sake danna 1, to duk lokacin da ka danna alamar daidai sai ta ƙara ɗaya. A buɗe bayanta, a nemo wurin da maɓallin daidai ke taɓawa, a manna siraran wayoyi biyu, ɗaya ta tafi zobe, ɗaya ta tafi doguwar waya, a cire batiran farko daga hanya. Yanzu kowace taɓawa lamba ce a allo. Ba a daɗe ba za a gano sabuwar matsala, in hannu yana rawa taɓawa ɗaya takan shiga sau biyu ko uku. Wannan ma tsohuwar matsala ce da duk mai ƙera maɓallan kwamfuta ya san da ita. Yaronku ya ci karo da ita a zaure, a kan kayan da ba su kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Akwai ɗan'uwan wannan wasa da malaman firamare ya kamata su so, wato allon tambaya da amsa. A jera kusoshi ko murafen kwalbar lemo da aka kankare a layi biyu, tambayoyi a hagu, amsoshi a hargitse a dama: jihohi da manyan biranensu, ko haruffan ajami da na boko. A bayan kwalin, inda ba a gani, kowace tambaya an ja mata waya zuwa amsarta. Ɗan wasa ya ɗora tsinke ɗaya a kan Jigawa, ɗaya a kan Dutse, fitila ta kama. Kwana biyu yara za su haddace cewa ƙusa ta uku ta hagu da ta farko ta dama suke tafiya, su daina karanta tambayar ma. Dole mai allon ya sake tunani, ya yi wayoyin baya masu cirewa da sauya wuri. Masu wayo sun sake tura shi gaba.

Kada wani ya ɗauka wannan wasan talakawa ne da muka ƙirƙira don rashin kuɗin na kanti. A 1965 kamfanin Milton Bradley na Amurka ya fito da wani wasa mai suna Operation, inda ake ciro ƙananan abubuwa daga jikin hoton majiyyaci da ɗan hantsaki, in ka taɓa gefen ramin hanci ya yi ja, ƙara ta tashi. Har yau ana sayar da shi. Asalinsa aikin aji ne na wani ɗalibin Jami'ar Illinois mai suna John Spinello, wanda ya sayar da dabarar a kan dala 500. In kun buɗe cikinsa, hanyar wutar nan ce ta zobe da waya, ba ƙari.

A Japan kuma akwai Gunpei Yokoi. Nintendo ta ɗauke shi a 1965 don ya riƙa kula da injinan masana'anta, lokacin kamfanin katin wasa yake bugawa. Shi ne daga baya ya fito da na'urorin wasa na hannu, Game & Watch a 1980, da Game Boy a 1989. Aƙidarsa ita ce kada a bi sabuwar fasaha mai tsada, a ɗauki wadda ta tsufa, ta yi araha, kowa ya san halinta, a nemo mata sabon aiki. Game & Watch da irin allon kalkuleta aka yi shi, a lokacin da allunan suka yi yawa a kasuwa suka faɗi. Game Boy kuwa allonsa ba kala, abokan gasarsa masu kala ne, amma su batir shida suke cinyewa cikin 'yan sa'o'i, shi kuwa da huɗu yake kai mutum nesa. Shi ya ci kasuwa. Bahaushe dama ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Wanda ya fi kusa da yaranmu shi ne Caine Monroy, ɗan shekara 9 a gabashin birnin Los Angeles. A hutun 2011 ya mayar da gaban shagon mahaifinsa na tsofaffin kayan mota ya zama gidan wasanni, duk da kwalaye. In ka ci, shi da kansa zai rarrafa cikin kwalin ya turo maka tikiti ta wata 'yar kafa, kamar inji ne ya fitar. Ya manna kalkuleta a jikin kowane kwali don tantance katin shiga: ka danna lambar katin, ka danna alamar tushen lamba, in abin da ya fito ya dace da wanda ya rubuta a baya, katinka na gaskiya ne. Kusan ba mai tsayawa, har wani mai shirya fim, Nirvan Mullick, ya zo neman mariƙin ƙofar motarsa, ya sayi kati, ya yi ɗan gajeren fim a kansa a 2012, mutane suka tara wa yaron sama da dala 200,000 na karatu. Mutane sun fi riƙe zancen kuɗin. Ni kalkuletar nan ce ta tsaya mini a rai, domin ta nuna yaron ya zauna ya yi tunanin mai son cuta tun kafin mai cutar ya zo.

Yanzu bari in faɗi abin da wataƙila ba zai yi wa wasu daɗi ba. Duk bayan ɗan lokaci za ku ga bidiyo yana yawo a Facebook da WhatsApp: yaro ya ƙera jirgin sama da langa-langa, ko motar tono da sirinji, ko tankar yaƙi da kwali. A taru a yi kabbara, a ce baiwa, a yi kira ga gwamnati ta taimaka, wani babba ya ɗauki hoto da shi, bayan mako guda a manta. Ba na raina waɗannan yara, hannunsu yana da kyau ƙwarai, kuma jikokin masu motar kara ne da muka taso muna gani. Amma abin kallo ba ya samun mai gyara masa kuskure. Kowa yabo yake yi, ba wanda zai ce fiffiken nan bai daidaita ba, tunda ba wanda zai hau. Wasa kuwa ba a yaba masa don kunya. In bai yi daɗi ba yara za su watse su koma langa. In yana da kafar cuta za su gano ta kafin a kira isha'i. In waya ta tsinke a tsakiyar zagaye, mai shi ne zai sha tsiya, kuma gobe zai ɗaure ta da kyau. Yaron da ya saba da irin wannan hukunci tun yana ƙarami ya fi kusa da zama injiniya fiye da wanda ya saba da tafi.

Kayan aikin kuwa ba su da wuya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki, kuma kimanin kashi 22 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. Mu ba ma buƙatar rahoto. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa da Farm Centre a Kano, ko kasuwar Katako a Yamai, ya ga tsibin abin da ake kira shara, ya kuma ga mutanen da suke mayar da shi tukunya, murhu, akwati da wayar da ta koma aiki.

Sai dai a nan dole in ɗaga murya, domin a cikin tsibin nan akwai abin da yake kisa. Wutar soket ta gida bolt 230 ce, ba ruwan yaro da ita, ko da wasa, ko an ɗauke wuta. Duk abin da za a haɗa da batir za a haɗa shi. Tsohuwar talabijin mai ƙeya da na'urar ɗumama abinci suna iya riƙe wuta mai haɗari a cikinsu bayan an zare su daga bango, kada yaro ya buɗe su. Caja ma kanta tana da kwandansa mai ɗaukar wuta mai ƙarfi, wayarta kawai za a yanka a yi amfani da ita. Batirin waya, mai bolt 3.7, in ya kumbura ko aka huda shi ko aka haɗe bakinsa biyu, yana iya kamawa da wuta. Ƙananan batiran nan masu kama da kwabo, na agogo da kalkuleta, in jariri ya haɗiye ɗaya yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i, asibiti za a nufa nan take. Kada a ƙona waya don a cire mata riga, hayaƙin guba ne. Ita kuma dalmar da ake liƙa waya da ita, mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu sanadin aikin zinariya, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kada a sa ta a baki, a wanke hannu kafin a ci abinci. A farkon koyo ma ba a buƙatarta, murɗa waya da baƙin salatif sun isa.

Sannan a kafa doka tun ranar farko: abin da ke cikin kwalin matattu kaɗai aka halatta. Rediyon da Baba ke jin labaran safe da shi ba ya ciki, haka rimot ɗin talabijin. Yawancin dukan da yara masu wannan ƙiriniya suke sha, rashin wannan iyakar ce ta jawo shi. Kuma in za a miƙa kwalin, kada a tsallake 'yan mata. Hannun da ya iya zanen lalle da saƙar hula ba zoben waya ne zai gagare shi ba, sau da yawa ma su ne suke kai zoben ƙarshe su bar yayyensu maza da baki buɗe.

Ga malaman makaranta, musamman masu koyar da kimiyya da fasaha a firamare da ƙaramar sakandare, da masu kula da ƙungiyar JETS inda take da rai: kullum kukan shi ne babu ɗakin gwaji. Gaskiya ne babu. Amma aji mai yara sittin gidaje sittin ne, kowane da kwalinsa. A raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya haɗa nasa, sannan, wannan shi ne muhimmi, a sa su yi musaya. Rukunin Hadiza ya buga na rukunin Sani, su nemo inda za a yi cuta, su rubuta. Maki ya tafi ga wanda ya toshe kafar da aka gano masa.

Wanda ya ƙoshi da fitila da ƙara yana son ya matsa gaba, hanya a buɗe take. Tsohon linzamin kwamfuta, in aka buɗe shi, maɓallin dannawarsa wayoyi biyu kawai yake nema. A ja su zuwa faifan gwangwani biyu da aka raba da ɗan soso, a ajiye a ƙasa, an samu abin takawa da ƙafa. A haɗa da manhajar Scratch, wadda cibiyar MIT ta Amurka ta fitar kyauta a 2007 don yara su riƙa tsara wasanninsu, sai ga tseren gudu ana yi a gaban allo. Daga nan wasu za su kai ga ɗan allon Arduino, wanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005 don ɗalibai marasa kuɗin kayan gwaji masu tsada.

Kafin a kai can dai, akwai mutumin da ya fi kowa amfani a wannan harka, kuma yana bakin titinku: mai gyaran rediyo. Ƙarƙashin tebirinsa cike yake da allunan rediyon da masu su ba su dawo ba. Maigida ya kama hannun yaron su je tare, a gaisa, a ce, "Malam, ga ɗanka nan, wai wasa yake haɗawa, in akwai mataccen allo a taimaka masa, a kuma nuna masa wanda ba a taɓawa." A saya masa batir biyu a hanya. In mai gyaran ya ga da gaske yake, zai nuna masa yadda ake ɗora tsinken mita a gane waya a tsinke take ta ciki ko lafiyarta ƙalau, abin da zai rage masa rabin wahalar da zai sha.